Musayar Tsohuwar Mota a Ƙasar Gobir: Wace Ce Ta Dace da Isa?

Duk wanda ya saba da tashar motar Isa ko ta Sabon Birni ya san irin gardamar da akan tafka a kan tsohuwar Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo. Wasu na ganin lokacinta ya wuce, mai ita ya kamata ya miƙa wa dillali, ya yi ciko, ya karɓo ɗaya daga cikin motocin da ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano. Wasu kuwa cewa suke yi da tsohuwar zuma ake magani. Akwai kuma samari 'yan ƙwalisa, waɗanda idonsu ke kan 'yar gajeriyar motar nan mai ƙofa biyu, mai kama ƙasa, wadda aka ƙera domin gudu. Dukansu a kan shekarar ƙira suke gardama, alhali kuwa ba nan tambayar take ba. Abin da ya kamata mai mota ya tambayi kansa shi ne: wace mota ce za ta iya rayuwa a wannan ƙasa?

Ilmin halittu yana da abin cewa a nan. Tun lokacin da Charles Darwin ya fitar da littafinsa a kan asalin nau'o'in halittu a 1859, masana suka fahimci cewa babu wata halitta da ta fi saura a ko'ina da kowane lokaci. Fifiko yana tafiya ne da muhalli. Makiyayan ƙasar Sakkwato sun san wannan tun kafin a rubuta shi. Saniyar Turai da ake kira Firishiyan ta ninka Gudali da Rahaji wajen nono, amma a sake ta a dajin Isa cikin watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ga kaska, ga ƙarancin ciyawa da ruwa, sai ta rame, nonon ya janye. Saboda haka ne masu bincike a cibiyar nazarin dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, suka riƙa haɗa ta barbara da Bunaji, domin a sami 'ya'yan da suka gaji nonon uwa ɗaya da juriyar ɗaya. Jar akuyar Sakkwato ma, wadda fatarta ta yi suna har Turai, ba girman jiki ya ɗaukaka ta ba, dacewa da ƙasarta ce.

To, mene ne muhallin mota a gabashin Jihar Sakkwato? Ƙasa ce ta rairayi da fadamu, inda gulaben Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi ke haɗuwa su zama Gulbin Rima. Da damina hanyoyin ƙauyuka kan cika da taɓo da zaizaya. Da hunturu kuwa iska kan kwaso ƙura mai laushi kamar gari tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta shige kowace kafa ta inji. Fetur kuma sau da yawa a galan ake sayensa wurin 'yan bumburutu, ba wanda ya san abin da aka gauraya masa. Ko man gidajen mai ba ya rasa tangarɗa: a watan Fabrairun 2022 an shigo Nijeriya da fetur mai yawan sinadarin metanol, ya lalata motocin jama'a da dama.

A irin wannan muhalli ne 504 ta yi sarauta. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna, ita kuwa 504 ta ci gaba da fitowa daga can har wajen 2006, shekaru da yawa bayan Turawa sun daina yin ta. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa, ƙafafunta na shanye gargada, injinta kuma ba shi da ɓoyayyen sirri. Abin lura ga masu sha'awar motar gudu shi ne, 504 ma tana da samfuri mai ƙofa biyu, wanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinsa, kuma da shi Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar Safari ta Kenya a 1978. Amma gasar Safari tsere ne na laka da duwatsu da ƙura, kuma sai da aka ƙarfafa motar musamman kafin ta shiga. Motar gudun da aka yi domin shimfiɗaɗɗun titunan Jamus wata aba ce daban. Tazarar cikinta da ƙasa ba ta fi taƙi ɗaya ba, tayoyinta sirara ne a gefe, rami guda ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa ƙarfenta. A hanyar Isa zuwa Shinkafi wannan kyan ɗan maciji ne kawai.

Sai dai muhallin halitta bai tsaya ga ƙasa da iska ba, ya haɗa da sauran halittun da take dogaro da su. Itacen ɓaure ba ya yin iri sai da wani ɗan ƙaramin ƙwaro da ke shiga cikin 'ya'yansa ya kai masa garin fure. Inda babu ƙwaron, ɓauren ba zai yaɗu ba komai kyan ƙasar. Ƙwaron mota shi ne makanike da mai sayar da kayan gyara. Tsohuwar mota mai kafireta, idan ta mutu a hanya, direba da yaronsa kan buɗe ta, su hure datti, su kankare filogi, su ci gaba da tafiya. Motar zamani kuwa kwamfuta ce ke auna mata iska da mai, ta hanyar wasu 'yan na'urori masu jin zafi da motsi da hayaƙi. Wannan tsari ya fi na da inganci nesa ba kusa ba, muddin yana lafiya. Ran da ɗaya daga cikin na'urorin ya mutu, sai an sami mai injin binciken da zai karanta abin da kwamfutar ke faɗa, kuma sau da yawa hakan na nufin jan motar zuwa Sakkwato ko Gusau.

Da wannan kaɗai aka tsaya, sai a ce kowa ya riƙe tsohuwarsa. Amma gaskiya ba ta tsaya nan ba, domin muhallin da ya raya 504 shi kansa yana sauyawa. Tunda aka daina harhaɗa ta, kayan gyaranta na asali suka yi ta ƙaranci. Abin da ya rage a kasuwa ko dai na kwance ne daga gawar wata motar, ko kuwa jabu. Tsofaffin makanikan da suka ƙware a kanta suna ta ajiye sifana, yaransu kuma Golf da Toyota suka tashi suna kwancewa. Halittar da abincinta ke ƙarewa, ƙarfin jikinta ba zai cece ta ba.

Sa'an nan ga maganar tsufa. A 1825 wani masanin lissafi ɗan Ingila, Benjamin Gompertz, ya nuna cewa bayan mutum ya balaga, haɗarin mutuwarsa ninkuwa yake yi da ƙaruwar shekaru, ba tafiya yake a hankali bai ɗaya ba. Kayan ƙarfe ma suna da makamancin wannan hali, har ma nasu ya fi muni. Jikin ɗan Adam yana sabunta kansa: jajayen ƙwayoyin jini kwana 120 suke yi a musanya su, ƙashin da ya karye yakan haɗe. Ƙarfe ba ya warkewa. Kowace gargada da mota ta taka tana barin 'yar tsaga da ido ba ya gani, tsagogin su yi ta taruwa har ranar da ƙarfen zai ɓalle gaba ɗaya ba tare da sallama ba. Don haka ya wajaba a bambanta ciwo iri biyu. Taya da batir da birki da kulocin da suka cinye, waɗannan kamar gashi da farce ne, canza su ba alamar mutuwa ba ce. Amma idan tsatsa ta ci gindin mota inda ƙafafu ke kamawa, ko an yi wa shasi walda sau biyu a wuri guda, ko inji ya koma shan baƙin mai bayan an sauke shi an gyara, to ciwon ya kai ƙashin baya. Kuɗin da aka zuba daga nan ba ya dawowa.

A wata ƙasa mutuwar mota a hanya ɓata lokaci ce. A ƙasar Gobir ta yau tana iya zama asarar rai. Shekara da shekaru ke nan 'yan bindiga suna tare hanyoyin Isa da Sabon Birni da Shinkafi, har hanyar Marnona da ta ratsa dajin Gundumi ta daɗe matafiya suna ƙaurace mata. A watan Disambar 2021 aka ƙone motar fasinja kusa da Gidan Bawa, mutum fiye da 20 suka rasu. Babu motar da ke maganin harsashi, amma direban da ya san motarsa kan tsaya sau biyu a kowace tafiya, kuma ya ci gaba da loda mata mutane, ya ɗauki alhaki mai nauyi. Nan ne sabo ke zama turken wawa.

Ta fuskar lafiya ma sabuwa ta yi gaba. Injin da ba ya ƙone mai sosai yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Sinadarin himogulobin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini ya fi kama wannan iska fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Tsohuwar motar da salansarta ta huje, daɓenta kuma ya ɓule, hayaƙin cikin ɗakin fasinja yake komawa, musamman da hunturu idan an rufe gilasai. Ciwon kai da gyangyaɗin da direba ke ɗora wa gajiya, wani lokaci guba ce. Motocin baya-bayan nan suna da wata tukunya a jikin salansa mai ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, wadda ke mayar da wannan guba iska mai sauƙin illa. Haka kuma an ƙera gabansu ya lotse idan an yi karo, domin ƙarfe ya shanye bugun a maimakon ƙirjin mutum. Amma kada wannan ya ruɗi mai son gudu: ƙarfin bugu yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa, wato wanda ke tafiyar kilomita 120 a sa'a, bugunsa ya ninka na mai 60 sau huɗu.

Sai dai kuma wace ce ake kira sabuwa? Galibin motocin da dillalai ke kawowa sun gama rayuwa guda a Turai ko Amurka. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma. Da yawansu kan iso an riga an yanke tukunyar tace hayaƙin an sayar saboda ƙarafan da ke ciki. Agogon kilomita kuwa mayar da shi baya ba wuya. Wanda ya ba da motar da ya san kowane tarinta, ya karɓi wadda bai san tarihinta ba, ya yi cinikin biri a sama.

Saura lissafin mai, wanda ya zama babbar hujjar masu son musaya tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Hujja ce mai ƙarfi, amma ba ga kowa ba. A ƙaddara, alal misali, tsohuwa tana shan lita 12 a kilomita 100, sabuwa lita 8, fetur naira 1,000 lita, ciko kuma naira miliyan 3. Direban haya mai cin kilomita 2,000 a wata zai tsira da lita 80, wato naira 80,000, ya mayar da cikonsa cikin shekara uku da 'yan watanni. Malamin makaranta ko ɗan kasuwar da bai wuce kilomita 300 a wata, lita 12 kacal zai rage, sai ya shekara fiye da 20 kafin kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Hukuncin dai bai zama ɗaya ga kowa ba. Wanda motarsa ke da lafiyayyen shasi, tafiyarsa kuma ba ta wuce cikin gari da gona da kasuwa ba, ba shi da dalilin saka kansa a bashi. Ya toshe salansa, ya like daɓe, ya riƙa canza matacin iska da baƙin mai a kan kari, musamman da hunturu. Direban haya da ke ratsa daji da fasinja kuwa ya kamata ya sauya tun kafin motar ta yanke masa hukunci da kanta. In zai sauya, ya je tasha ya ƙirga irin motar da ta fi yawa, domin ita ce ke da makanikai da kayan gyara a kusa. Ya tafi da makanikensa, ba na dillali ba, a ɗaga motar a duba gindinta, a leƙa salansa ko tukunyar tana nan, a tayar da injin da sassafe tun bai yi ɗumi ba, sa'an nan a loda mata nauyi a bi da ita hanyar burji kafin a fara maganar ciko.