Ƙwallon Ɗalibai: Maƙwabci Kafin Mai Suna

A shekarar 2024 jami'o'in USC da UCLA na birnin Los Angeles suka koma gasar Big Ten, wadda ta miƙe har jihar New Jersey. Kuɗin talabijin ne ya ja su. Yanzu ɗalibi kan keta Amurka daga wannan teku zuwa wancan saboda wasa ɗaya, ya dawo ya tarar da jarrabawa. Tsohuwar gasarsu, Pac-12, ta tarwatse, makarantu biyu kacal suka rage mata a wannan shekarar.

Irin wannan lissafin muke ji a majalisarmu ta Dudunni duk lokacin da hira ta kai ga makarantun da suka cancanci shiga, in da za a haɗa wa manyan makarantun Jihar Katsina gasar ƙwallo guda. Sai a ce a fara da masu suna. Mun ƙi.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san sirrin jadawalin kwatance: wanda ya zaɓi ma'auni ya riga ya zaɓi gwani. Ba wa suna da yawan ɗalibai maki mafi tsoka, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma za su haye, makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya kuwa ta faɗi tun ba a busa usur ba.

Da ma an riga an gina katanga. NUGA, da aka fara a 1966, ta jami'o'i ce. NIPOGA ta kwalejojin kimiyya da fasaha. NICEGA ta kwalejojin ilimi. Ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga jami'ar tarayya, duk a Dutsin-Ma, amma gasa daban-daban. Wane irin tsari ne wannan?

Ma'auni uku muke so. Na farko, hanya: a je a buga a dawo kafin magariba, don duk mun san halin da hanyoyinmu suke ciki da dare, kuma babu kofin da ya kai ran ɗan wani. Na biyu, fili: ko ba ciyawa, ya zama shararre, da raga da ruwan sha. Na uku, 'yan wasa su zama ɗalibai na haƙiƙa masu katin shaida, ban da sojan haya.

Za a ce ƙananan makarantu za su sha kashi. To sai me? Wanda aka lallasa bana ya koyi abin da zai rama da shi baɗi. Wanda aka rufe wa ƙofa bai koyi komai ba. Kuma yaron Kusada ko Dudunni da ba shi da kuɗin motar Katsina zai iya zuwa Kankiya ya ga yayansa sanye da rigar makaranta a fili. Gobe shi ma ya nemi gurbin karatu.

Masu kujera, in kun tashi zana jadawali, ku fara buɗe taswira.