Shin Kwafar Rubutun Manhajar Kwamfuta Sata Ce?

Idan mai karatu bai manta ba, a ranar 5 ga Afrilu, 2021 ne Kotun Ƙolin Amurka ta kawo ƙarshen shari'ar da Oracle da Google suka shafe fiye da shekara 10 suna tafkawa. Oracle, wanda ya mallaki Java bayan sayen Sun Microsystems a 2010, ya zargi Google da kwafar layuka kusan 11,500 wajen gina Android, ya kuma nemi diyyar kusan Dala biliyan 9. Alƙalai 6 suka ba Google gaskiya, 2 suka ƙi. Hujjarsu ita ce, abin da aka kwafa kashi 0.4 ne cikin 100, kuma sunaye ne da tsarin umarni da marubuta manhaja suka riga suka saba da su.

To, abin tambaya shi ne, wannan hukunci ya halatta kwafa ke nan? A nawa ganin, a'a.

Gaskiya ne ɓarawon akuya yakan bar mai ita da igiya, alhali mai kwafar manhaja ya bar wa mai ita kayansa. Wannan kotun ma ta bambance keta haƙƙin mallaka da satar kaya tun a 1985, a shari'ar Dowling. Sai dai wanda ya ɓata shekara 2 yana rubutu, wani ya kwashe cikin minti 2 ya je yana sayarwa, an raba shi da kasuwarsa, an ci guminsa. Shi ya sa Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwaiti a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira abin karewa ne a Shari'a. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ita ma ta sanya manhaja cikin rubuce-rubucen da take karewa.

Saboda haka ma'aunin shi ne izini. Linux, alal misali, lasisinsa na GPL ya yarje wa kowa ya kwafa ya gyara, bisa sharaɗin in zai rarraba ya buɗe wa jama'a gyaran da ya yi. Wanda ya cika sharaɗin ba shi da laifi. Wanda ya goge sunan marubuci ya liƙa nasa kuwa, ya ci amana, ko da ba a kira shi ɓarawo ba.

Ina kira ga matasanmu masu wannan sana'a da su riƙa karanta lasisi kafin su ɗauka, domin gobe nasu rubutun za a ɗauka. Allah Ya sa mu dace.