Kaka, Lambun Nan Nasu Ne, Shan Inuwar Naki Ne



Yau muna so mu yi magana a kan wata al'ada da ta shigo mana a hankali har ta zauna daram. A da, idan aka tashi yaye yaro, shi ake ɗauka a kai wa kakarsa, ya yi kwana da kwanaki a ɗakinta har ya manta nono. Yanzu kuwa sau da yawa kakar ce take ɗaure ƙullin kayanta ran Juma'a da yamma, ta shiga mota zuwa Kano ko Kaduna ko Zariya, domin ta zauna da jikoki zuwa ran Lahadi. Dalilan suna da yawa: ko iyayen yaran za su biki a wani gari, ko uwar ma'aikaciyar asibiti ce aikin dare ya faɗo a kanta, ko kuwa ɗaliba ce jarrabawa ta matso. Ba mu ga aibin wannan ba ko kaɗan, gama zumunta a ƙafa take. Abin da muke ja wa hankali shi ne yadda ziyarar da ya kamata ta zama hutu da jin daɗi takan ƙare da tsegumi da ɓacin rai. Kuma abin mamaki, sau da yawa daga ɗan lambun bayan ɗaki maganar take tashi.

Bari mu fara da ke, Hajiya kaka. Kin iso, kin sha ruwa, masu gida sun yi miki sallama sun tafi. Gari ya waye, kin leƙa bayan ɗaki, sai ga kore shar a tsakiyar wannan fari. Ga zogale ya yi sabon toho, ga alayyafo da rama a ɗan fangali, ga yakuwa, ga na'a-na'a da ɗaɗɗoya a tsohuwar roba, ga attarugu a buhun siminti da aka cika da ƙasa, ga mangwaro ya nuna har yana faɗuwa da kansa, darbejiyar ƙofar gida kuma ta yi fure tana ƙamshi da asuba. Kafin ki ce komai, ki tuna da abu guda: a yawancin ƙasar Hausa rabon ƙasa da ruwan sama tun wajen watan Oktoba, kuma ba a sa ran ya zauna sai Mayu ko Yuni. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri. Watau kowane ganye da kika gani a wurin nan, wani ne ya ɗauki bokiti safe da yamma ya ba shi ruwa, wataƙila ma ruwan da aka saya hannun 'yan garuwa. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne ga mutumin da yake fita aiki tun da safe.

To, me ya fi dacewa da ke? Ki shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mangwaron nan, ki miƙe ƙafa, ki sha iska. Shekara nawa kina shuka wasu suna ci? Yau ga shi wanda kika goya ya shuka, ke za ki ci. Wannan ita ce ribar haihuwa da ake faɗi, ba sai an ba ki kujerar Makka ko an dinka miki leshi ba. Uwar da ta ga ɗanta ko 'yarta sun iya raya shuka a cikin bazara, ta san za su iya raya gida, domin haƙurin ɗaya ne.

Amma abin da muka sha gani daban ne. Wata kakar da ta shiga lambun sai ta koma sufeto. Wannan an shuka shi kusa da kusa. Wancan ba a yi masa taki ba. Tumatirin nan me ya sa bai yi 'ya'ya ba? Waɗannan furanni kuma na mene ne, fure yana miya ne? Wata ma ba ta tsaya a baki ba, sai masu gida su dawo ran Lahadi su tarar an tuge furannin an zuba irin kuɓewa a gurbinsu. Ita a ganinta gyara ta yi. Amma ki tambayi zuciyarki: da ke ce kika dawo daga unguwa kika tarar surukarki ta sake wa jeren ɗakinki wuri, ya za ki ji?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shukar da kika ga an cushe wuri ɗaya, filin ne babu, gidan birni ba gonar ƙauye ba ce. Tumatirin da bai yi 'ya'ya ba kuwa, ba lalle sakaci ba ne: shi tumatir idan zafi ya tsananta furensa kakkaɓewa yake yi kafin ya ƙulla, shi ya sa ma yake tsada a kasuwa daga ƙarshen bazara zuwa cikin damina. Furannin kuwa, wadda ta wuni a ofis ko a aji tana da haƙƙin ta dawo ta ga abin da zai sanyaya mata ido. Ke ma ai kin yi jeren kwalla da tasoshi a zamaninki, ba don a ci abinci a cikinsu ba.

Maganar ta fi nauyi idan lambun na matar ɗanki ne. 'Yarki ta cikinki za ta iya yin dariya ta ce, "Kai Inna, ke dai ba a iya miki." Matar ɗa kuwa shiru za ta yi saboda kunya, ta ce "To Hajiya, za a gyara," amma maganar ta zauna a ranta, gobe kuma idan za a nemi mai zama da yara sai a tsallake ki a kira wata. Wa ya yi asara? Ke da jikokinki.

Mun san alkunya ta hana yawancinmu yabon 'ya'yanmu a gaban idonsu, balle ɗan fari da ko sunansa ba ma faɗa. To lambu ya ba ki hanya mai sauƙi. Ba sai kin ce "ka yi ƙoƙari" ba. Ki ce, "Zogalen nan ya fi na garinmu laushi." Ki ce, "A tsinko mini yakuwar nan in tafi da ita." Ko ki aika da saƙon ta bakin jika: "Ka gaya wa uwarka rabona da miyar alayyafo irin wannan an daɗe." Yaba kyauta tukwici, kuma ɗa ko ya yi furfura yana son ya ji uwarsa ta yaba.

Wata za ta ce, to shi ke nan sai in ga kuskure in kama bakina? Ina amfanin girmana? Wannan tambaya tana kan hanya, kuma amsarta ita ce a rarrabe tsakanin abin da yake haɗari da abin da yake son rai. Idan haɗari ne, ki faɗa nan take, kada ki ji kunyar kowa, domin amanar yara aka bar miki. Rijiya ko duro ko bokitin ban ruwa da aka bari a buɗe, yaro mai rarrafe yana iya nutsewa a ruwan da bai kai kamu ɗaya ba. Maganin ƙwari ko fiya-fiya da aka ɗura a kwalbar lemo aka ajiye a gindin bishiya, wannan a ɗauke shi a kulle. 'Ya'yan zurman da na cin-da-zugu suna kama da abin ci a idon yaro, alhali guba ne. Zaƙami ba ya zama a gidan da yara suke. Ruwan tumfafiya yana yi wa ido lahani. Tarin duwatsu da busasshen itace maɓoyar kunama ce, musamman a wannan zafi. Ruwan da ya kwana biyu a tsohuwar taya ko gwangwani kuwa gidan sauro ne. Duk waɗannan idon tsohuwa ya fi saurin ganinsu, kuma masu gida na kirki godiya za su yi.

Sauran kuwa, irin su yadda ake jera shuka da abin da ya kamata a shuka, ki bari sai an tambaye ki. In kina so a tambaye ki, to ki zo da tsaraba maimakon gyara. Ki ƙullo irin kuɓewa ko na karkashi da kika ajiye tun kaka. Ki saro reshen zogale mai kauri, a kafa shi a ƙasa mai laima, zai yi saiwa ya tofo. Wanda aka ba iri shi da kansa zai ce, "Inna, yaya ake yi da shi?" A nan ne za ki buɗe jakar saninki: a yi ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar don kada rana ta shanye, a rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa don laima ta daɗe, kashin awaki ko na kaji sai ya ruɓe ya huce kafin a zuba, ɗanye ƙona shuka yake yi, toka da ruwan ganyen darbejiya suna rage ƙwari, ruwan wankin shinkafa kada a zubar da shi a kwata. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai mai ciwo ya buɗe baki.

Jikoki kuwa, su ne abokan shan inuwarki. Ki ja "maigidanki" da "kishiyarki" zuwa cikin lambun, ku yi ta wasanku na kaka da jika. Yaran birni da yawa sun san alayyafo a cikin miya, ba su san shi a tsaye ba. Ki nuna musu bambancin rama da yakuwa, ki ba kowa ɗan gwangwani ya yi ban ruwa, ki sa su tsinke zogale ku dafa ku kwaɗanta da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan yaji. Ganyen zogale yana da sinadaran da suke ƙara jini da ƙarfin ƙashi da lafiyar ido, kuma yaron da ya tsinka da hannunsa ba ya ƙin ci. In akwai lalle a gidan, a daka a ƙunsa wa 'yan mata. Da dare a fito da tabarma a yi tatsuniya. Sai dai ki kiyaye dokar iyayensu: in an ce kada a tsinki mangwaro ɗanye, ko a kwanta da wuri, kada ki zama ke ce mai karya dokar don a so ki.

Yanzu kuma gare ki, uwargida ƙarama, wadda aka zo gidanki. Kakar 'ya'yanki ba 'yar aiki ba ce. Tana da gidanta, wataƙila da mijinta da sana'arta, ta baro su domin ku. Kada ki bar mata tulin wanki da wanke-wanke, kada ki bar mata tukunya wayam. Ki yi cefane, ki nuna mata inda maganin yara yake da yadda ake ba su, ki bar lambar wayar da za a same ki da ta wata maƙwabciya. Kada ki ɗora mata ɗaukar bokitin ban ruwa, gwiwar tsufa ba ta wannan ba ce, ki sa wani yaro babba ya yi. Ki ajiye mata ruwan sha mai sanyi a randa ko a firji, domin tsofaffi ba sa saurin jin ƙishirwa alhali zafi yana cinsu. Sannan ki faɗa mata da bakinki, "Hajiya, duk abin da yake lambun nan naki ne, ki tsinki abin da kike so." Wannan kalma ɗaya tana kashe rabin tsegumi. Ran komawa a cika mata leda da mangwaro da ganye, a biya kuɗin mota, a raka ta tasha. Kuma kada ya zama ba a tunawa da ita sai za a yi tafiya. Wata ran ki gayyace ta alhali kina gida, ta zo ta zauna a inuwa a kawo mata fura, ba goyo ba raino. In kuma ta yi miki gyaran da bai yi miki daɗi ba, ki yi haƙuri, baƙo raɓa ne, jibi war haka tana gidanta.

Ku kuma 'yan makaranta, idan kaka ta zo, ku ajiye waya ku kashe talabijin ku bi ta bayan ɗaki. Abin da ta sani game da iri da ƙasa da ganyen miya ba a rubuta shi a littafinku ba, kuma ba za ta dawwama ba. Ku tambaye ta labarin shekarar 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, aka yi ta kira ga makarantu da gidaje kowa ya yi ɗan lambu. Ku tambayi iyayenku shekarar 2016, da wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, har gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan abin, tumatir ya gagari talaka. A irin wannan lokaci ake gane darajar ganyen bayan ɗaki. Ba kwa bukatar fili: tsohon bokiti mai huda a gindi, da ƙasa da taki, sun isa. Ki zuba irin alayyafo yau, kafin wata guda ko mako biyar kin tsinka kin ba kakarki ta ɗanɗana idan ta sake zuwa.

A taƙaice dai 'yan'uwa, mai lambu ta buɗe hannu, kaka ta sassauta harshe, yara su buɗe kunne. Allah ya raya mana zuriya, ya ba iyayenmu tsawon rai su ci moriyar abin da suka shuka, ya kawo mana damina mai albarka, amin.