Turakun awon ƙasa: a neme su kafin su ɓace

A Amurka, wasu sun maida neman tsofaffin turakun awon ƙasa abin nishaɗi: su bi bayanan hukuma, su gano turken da ciyawa ta rufe, su ɗauki hoto, su kai rahoto. Nijar ma tana da nata. Tsakanin 1906 da 1908, tawagar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Tilho da ta Ingila sun kafa turaku 148 daga kogin Isa zuwa tafkin Cadi. Rairayi na binne irinsu, gine-gine na cinye su, kuma duk inda turke ya ɓace, gardamar iyaka ta samu ƙofa. Matasan Maradi, Damagaram da Konni suna da wayoyi masu GPS. Saura ranar Lahadi guda da izinin mai gari.