Akawu da Odita: Shawara ga Masu Sayen Kayan Rubuta Ƙwaƙwalwar Inji

Zuwa ga Edita,

Yau maganata a kan samarinmu ne na ƙasar Jibiya da Katsina masu haɗa 'yan na'urori, irin wadda ke tada famfon ban-ruwa ta kashe shi a kan lokaci. Cikin kowace akwai 'yar ƙwaƙwalwar lantarki, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ko ɗan yatsa ba, ba ta kuwa san kome ba sai abin da aka rubuta mata daga kwamfuta. To, da wane abu za a rubuta? Nan ake asarar kuɗi.

Ku sani kayan nan iri biyu ne. Na fari kamar akawu yake, aikinsa rubutu kaɗai. Misalinsa USBasp, mai araha, wanda ke zuba umurni cikin ATmega328P, watau ƙwaƙwalwar allon Arduino Uno. In aiki ya ɓaci, ba shi da ta cewa. Na biyu kamar odita ne: yana rubutawa, kuma yana tsai da ƙwaƙwalwar a tsakiyar aiki, ya buɗe littafinta layi layi har a ga inda lissafi ya karkace. ST-Link yana yi wa dangin STM32 haka ta waya biyu, ban da ta ƙasa.

Shawarata uku ce. Ka fara zaɓen ƙwaƙwalwa kāna ka sayi kayanta, gama kowane gida da nasa, ST-Link ba ya jin harshen PIC. Amma tun da kamfanin Microchip ya sayi Atmel a 2016, ya fito da PICkit 4 mai hidimar PIC da AVR duka. Na biyu, ka duba ƙarfin wuta: Uno da bolt 5 yake aiki, STM32 kuwa da 3.3, wanda ya gama su da garaje yana iya ƙona abinsa. Na uku, in abin da kake haɗawa na gonar wani ne, lalle ka nemi odita.

Dalili, famfon da ya ƙi tashi kwana biyu cikin bazara ya isa ya kashe tumatirin talaka, kai kuwa kana ta canke-canke ba ka san inda cutar take ba. Araha ba ta ado, jama'a.

Haza wassalam.

Naku,
Akawu, Gangara.