Magogin Baba Ba Na 'Yan Gwangwan Ba Ne



Ƙanena ya ce in sayar wa 'yan gwangwan da tsohon magogin katakon Baba, wai ƙarfe ne kawai. Na ƙi. Stanley ne lamba 5, ƙirar Ingila, da shi marigayi ya ci abinci a Sabo Ibadan, da shi ya biya mana kuɗin makaranta.

Danshin kudu ya sa tsatsa ta rufe shi. Na kwance shi, na jiƙa a kananzir kwana biyu, na shimfiɗa sanfefa a kan gilashi na yi ta gurzar ƙasansa har ya daidaita. Wuƙar ce ta ba ni wuya, yini guda na yi a kan dutsen wasi. Da na gwada a katakon iroko, sai ga ɓawon yana fita siriri kamar takarda. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Ni a ganina mun cika saurin zubar da kayan sana'ar iyayenmu. Injin zamani ya fi sauri, ban musa ba, amma da an ɗauke wuta sai zaman jira. Shi kuwa ƙanen nawa, yanzu aro yake nema. Ban ba shi ba tukuna.