Rasidi Na Hannunmu, Ina Aikin?

Iyayenmu maza da mata, malamanmu, da 'yan uwanmu na Abu Na'ama da ƙauyukan bakin kogi.

Ranar 11 ga Afrilun 2010 za a buɗe akwatunan zaɓe. Kafin wannan zaɓe na 2010, rabon ƙasar nan da zaɓen jam'iyyu da yawa tun 1986, wato duk wanda bai haura shekara arba'in ba a cikinmu bai taɓa jefa ƙuri'a a irin wannan zaɓe ba. Masu magana a rediyon Omdurman suna ta batun Darfur, da ƙuri'ar da 'yan Kudu za su yi a watan Janairun 2011, da kotun da ke Hague. Duk manyan maganganu ne, kuma jam'iyyarmu ta faɗi matsayinta a kansu. Ni dai a wannan takarda maganata a kan abin da ke ƙarƙashin takalminmu ne, wato layin kasuwa.

Ƙasarmu baƙar laka ce. Ita ke ba mu dawa da riɗi da auduga, kuma ita ce ke kama ƙafar mutum da zarar damina ta sauka. Da rani ta tsage, ƙura ta tashi ta sauka a kan nama da tumatir da garin da aka baza a faifai. Da damina kuwa ruwa ya kwanta a gaban shaguna, karon jaki ya kafe, lori ya tsaya can bakin hanya ya ƙi shigowa, sai a biya 'yan dako su ɗauko buhu a ka. Wannan kuɗin dako ba daga aljihun mai lori yake fita ba. A kan kilon sukari da kwanon dawa ake ɗora shi, mai saye ne ke biya. Ruwan da ya kwanta kuma shi ne gidan sauro, kowa ya san watannin da zazzaɓi ke kwantar da yaranmu. Ke uwa da kike zaune kusa da kwata kina suyar ƙosai, ba sai likita ya yi miki bayani ba.

To, kada wani ya ce mana babu kuɗi, domin kasuwa tana biya. Mai shago yana biyan ruhusar ciniki kowace shekara. Mai sayar da abinci yana biyan katin lafiya. Ana karɓar kuɗin shara, ana karɓar kuɗin wuri, mai dabba yana biya kafin ya sayar, mahauci yana biya kafin ya yanka, amfanin gona yana da nasa haraji, ga kuma Diwanin Zakka a gefe. A 2010, takardar da doka ta sani wajen karɓar kuɗin gwamnati ita ce Ornik 15. Dattijo, buɗe akwatinka ka ƙirga irin wannan takarda nawa ka tara a shekara goma. Sannan ka fito ƙofar shago ka duba layin, ka nuna mini aikin da aka yi da su. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Zan yi wa mahaliya adalci a wuri ɗaya. An ɗora mata nauyin makarantun firamare da ƙananan asibitoci da albashin ma'aikata, abin da suke kira fasali na farko a kasafin kuɗi, kuma shi ke cinye mafi yawan abin da ya shigo. Malamin da ke koyar da 'ya'yanmu ya cancanci albashinsa a kan lokaci, babu mai musun haka. Amma wa ya tsara abin a haka? A 1999 ƙasar nan ta fara sayar da man fetur a waje. An gina madatsar Marawi, an buɗe ta a 2009. A 2010 ana aikin ƙara tsawon madatsar Rusairis a kudu da mu, a kan wannan kogi da muke sha. Gwamnatin da ke da ƙarfin waɗannan ayyuka ita ce ta bar albashin malamin ƙauye a wuyan mai sayar da albasa. A 2010, shekara ashirin da ɗaya ke nan suna kan mulki, tun 1989. Masu alamar bishiya ba za su ce ba su samu lokaci ba.

Tushen matsalar a ganina shi ne wannan: babu wanda ke riƙe da kuɗin kasuwa da yake tsoron 'yan kasuwa. A 2010, mu'utamad naɗa shi ake yi, wali ne ke naɗa shi, wali ne ke cire shi. Saboda haka idonsa na kan Singa, ba kan layinmu ba. Ko mutumin kirki ne, kuma akwai na kirki a cikinsu, ya san wanda zai yi wa bayani ranar da aka kira shi. A cikin takardun da za a miƙa muku ranar zaɓe babu ta mu'utamad, babu ta majalisar mahaliya. Tsarin mulkin 2005 ya ambaci ƙaramar hukuma a matsayin mataki na mulki, amma ya bar wa kowace wilaya ta tsara dokarta. Ma'ana, a ƙarƙashin wannan tsarin mulki na 2005, majalisar wilaya da ke Singa ita ce za ta iya cewa a zaɓi 'yan majalisar mahaliya, ita ce za ta iya cewa wani kaso na kuɗin kasuwa ya tsaya a kasuwar da aka karɓe shi. Ƙofar ke nan, kuma ita ce ake so mu manta da ita muna ta musu a kan kujerar Hartum.

Aikina a jam'iyya fassara ne, daga Larabci zuwa Hausa, shi ya sa nake kula da kalmomi fiye da kima. Akwai kalmomi biyu da hukuma ke amfani da su kamar abu ɗaya ne, alhali sun sha bamban. Ɗaya tanwir, ɗaya mashura. Tanwir shi ne a tara ku a ƙarƙashin tanti, babban mutum ya zo da motoci, ya faɗa muku abin da aka riga aka yanke, a yi kabbara, a sha lemo, a watse. Sanarwa ce. Mashura kuwa shawara ce, kuma ba a kiran abu shawara sai in maganarka tana iya canza hukuncin. Maƙwabtanmu na wilayar Nilul Azrak yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 ta ba su haƙƙin abin da ake kira mashura sha'abiyya, a tambayi jama'a ko an cika musu alkawari. Mu a Sinnar ba mu cikin wannan tsari. Amma in har doka ta yarda a tambayi talaka a kan rabon mulki da arzikin wilaya guda, me zai hana a tambaye shi inda za a haƙa magudanar ruwa a gaban rumfarsa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mutanen Abu Na'ama sun san abin da ake nufi da a yanke maka hukunci daga nesa. Masana'antar buhun rama da aka kafa a nan a shekarun 1970, daga Hartum aka kawo ta, daga Hartum kuma aka sa hannu aka sayar da ita a shekarun 1990. Ku tambayi iyayenmu da suka yi aiki a cikinta ko an nemi ra'ayinsu.

Ga yadda nake ganin shawara ta gaskiya. Kwamitin kasuwa 'yan kasuwa ne za su zaɓe shi da hannunsu, sana'a sana'a: masu shaguna, mahauta da masu agashe, masunta, masu kayan lambu, masu hatsi, masu karo da direbobi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kasuwar Kurmi ta Kano tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, fiye da shekara ɗari biyar, kuma tsarin kasuwar Hausa bai taɓa rasa sarkin kasuwa da sarkin pawa da shugabannin sana'o'i ba. Abin da ya kamata mu ƙara a kai shi ne mata. Masu shayi, masu ƙosai, masu godogodo, masu sayar da gyaɗa da kuka da daddawa, su ne suka fi kowa zama a ƙasa cikin laka, su ne kasha ke fara faɗa wa a kwashe musu kujeru da butoci, amma su ne ba a taɓa gani a zaman kwamiti. In ba za su iya magana a gaban maza ba, a yi musu zamansu daban, a lokacin da suka sauke tukunya, a rubuta abin da suka faɗa, a ba shi nauyi ɗaya da na maza. A yi zaman da Larabci da Hausa da duk harshen da mutanen wurin ke ji. Na sha ganin dattijo mai hankali ya yi shiru a taro don kawai yana jin kunyar Larabcinsa, aka tashi ba a amfana da shi ba.

Sai kuma lissafi. Kowane wata a manna takarda a bangon kasuwa: ga abin da aka karɓa, ga abin da aka kashe, ga sunan ɗan kwangila, ga kuɗin aikin. Ba ya bukatar kwamfuta, alli da allo ma sun isa. A ƙasar Barazil akwai birnin da ake kira Porto Alegre, a 1989 suka fara tara mutanen unguwanni suna zaɓar ayyukan da za a yi da wani kaso na kuɗin birni, kuma abin da talakawansu suka fi nema shi ne magudanar ruwa da gyaran hanya da ruwan sha. Ku lura da shekarar. Shekarar da su suka buɗe littafin kuɗi ita ce shekarar da aka rufe mana majalisa da tankokin yaƙi.

Nawa ne ya kamata ya tsaya a kasuwa? Ni da za a tambaye ni, kashi ɗaya cikin uku na abin da aka karɓa a cikinta, a asusu daban, ba a cire ko jine ɗaya sai da sa hannun mahaliya da na kwamiti tare. Wani zai ce ya yi yawa, wani zai ce ya yi kaɗan. A yi musun a fili, a majalisa, a rubuta shi a doka.

A kan aikin kansa ina da ra'ayi, kuma na san wasu masu shaguna ba za su so shi ba. Kowa kwalta yake so. Amma kwalta a kan baƙar laka ba tare da hanyar ruwa ba, damina biyu ta ishe ta ta farfashe, kuɗin ya tafi. Magudana ce farko, a haƙa ta kafin ruwan fari, a bi gangaren ƙasa. Bayan ta a ɗaga layin da tsakuwa a daddanne. Sannan famfo, da makewayi na maza da na mata, da daɓen siminti a mayanka da wurin kifi, da inuwa ga masu zama a ƙasa. Muna da tashar binciken noma da kwalejin noma a garin nan, akwai mutanen da suka san halin wannan ƙasa fiye da injiniyan da za a aiko daga nesa ya kwana ɗaya ya koma. A gayyace su. Ƙofa mai fenti da allon da aka rubuta sunan babban mutum, wannan ya jira. In aka kira gayya, abin da 'yan uwanmu Larabawa ke cewa nafir, matasanmu za su fito da shebur, mun saba. Sai dai gayya ƙari ce a kan kuɗin da muka riga muka biya, ba madadinsa ba.

Akwai kalma ta uku da nake so ku yi hattara da ita: tanzim, wai tsara kasuwa. Sau da yawa a garuruwan ƙasar nan ma'anarta ita ce a rushe rakuba, a gina shagunan bulo, a sayar wa mai kuɗi, mai ƙaramin jari ya koma bayan gari inda babu mai saye. Gyaran da zai kori talaka daga wurin cin abincinsa ba mu nema. Kafin a taɓa rumfa ɗaya, a rubuta sunan duk mai zama a layin, har mai faifai, a nuna masa wurinsa a sabon tsari, a faɗa masa kuɗin haya.

Na san abin da wasu dattawanmu ke cewa, kuma cikin ladabi nake amsawa. Suna cewa mu mutanen gona da kogi da allo ne, shiga harkar hukuma ba namu ba ne, a zauna lafiya ya fi. Baba, zaman lafiya muke so mu ma. Amma kakanninmu suna bakin wannan kogi tun bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Mai Wurno ya sauka ya kafa garinsa, wasu ma sun riga shi a kan hanyar hajji. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 hannun mutanenmu yana cikin audugar Jazira. A 2008, da wata jarida ta buga maganar da aka danganta wa shugaban ƙasa mai taɓa asalinmu, mutanenmu sun fito a Gadarif da wasu garuruwa, gwamnati ta musanta maganar. To ni ban taɓa jin mai karɓar kuɗin kasuwa ya tambayi wani takardar jinsiyya kafin ya yanka masa rasidi ba. Wanda ya isa a karɓi kuɗinsa ya isa a ba shi lissafi.

Kuma wannan ba maganar Hausawa kaɗai ba ce, kada kowa ya mayar da ita haka. Lakar da ke kama ƙafar Bahaushe ita ke kama ta Balarabe makiyayi da ya kawo tumaki, da Bafulatana mai nono, da Babarbare, da mutumin Funj. Kwamitin kasuwa na duk mai ci a kasuwa ne.

Ranar zaɓen 2010 takardu takwas za a ba kowa. Ɗaya ta shugaban ƙasa, ɗaya ta wali, uku na majalisar ƙasa, uku na majalisar wilaya: ta ɗan takarar mazaɓa, ta jerin mata, ta jerin jam'iyya. Mutane da yawa za su gaji kafin su kai na wilaya, su yi alama ko'ina don su fita. Kada ku yi haka. Ta wali da ukun nan na majalisar wilaya su ne suka shafi layin kasuwa kai tsaye. Ku nemi alamar da ke saman wannan takarda a kowace ɗaya, alama ɗaya tak a takarda ɗaya, domin alama biyu tana ɓata ƙuri'a.

Kafin ranar, duk ɗan takarar da ya zo ƙofarku, har da namu, ku tambaye shi a gaban shaidu: zai goyi bayan a zaɓi majalisar mahaliya? Zai sa a manna lissafin kasuwa a bango? Kaso nawa zai nema ya tsaya a kasuwa? Ku sa wani yaro mai karatu ya rubuta amsar da kwanan wata, liman ko shugaban sana'a ya ajiye. Ku riƙe takardar rajistar da aka ba ku a watan Nuwamba ko Disamban 2009, ku je ku tabbatar da cibiyar da sunanku yake tun yanzu, ku fita da wuri kafin rana ta yi zafi, a taimaka wa tsofaffi da abin hawa. Wanda ya iya karatun boko ya karanta wa wanda bai iya ba.